Akurkin laka, keji ko ɗakin bulo: wanne zai tsare kajinka, kuma ina baƙuwar kaza za ta sauka?

A cikin shekara guda na yi asarar kaji sau biyu a gidanmu da ke Tumfure, a jihar Gombe. Ta farko aikin muzuru ce. Dare uku a jere yana zuwa, kowane dare da sagara guda, kuma sai da unguwa ta san an yi ɓarna saboda kururuwar kaji da haushin karen maƙwabta. Ta biyu kuwa babu wanda ya ji ko motsi. Ni da hannuna na sayo kaji biyu a wata kasuwar ƙauye ana tsakiyar hunturu, na kwance musu ƙafa, na sake su a tsakar gida. Ashe da cuta suka zo, kafin mako biyu ya cika, cikin kaji 19 guda 4 suka rage. Muzuru ya ci 3, ni na kashe 15.

Shi ya sa in mutum ya tambaye ni wane irin makwanci zai yi wa kajinsa, nakan ce masa tambayoyi biyu ya yi a dunƙule: ina za su kwana, kuma ina baƙi za su zauna kafin a haɗa su da na gida. Ana cewa zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. Gaskiya ne, amma mai kiwo ba zakara ɗaya yake son ya yi cara ba.

Abin da za a auna

Maƙiyan kaza kashi biyu ne, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. Na dare su ne muzuru, tunku, inyawara, gafiya, ɓera, maciji, sai ɓarawo mai ƙafa biyu. Waɗannan kafa suke nema: rami, tsagewar bango, rariyar da ruwan wanka ke fita, ko marfin da aka jingina ba a sa masa sakata ba. Kaza kuma da duhu ya yi dundumi ke kama ta, ko cafke ta aka yi ba ta iya tsira. Na rana su ne shaho, shirwa, hankaka, karen unguwa, da guza ga waɗanda gidansu ke bakin kwari ko fadama. Su fili suke so, kuma 'yan tsaki suka fi ɗauka, musamman da rani lokacin da babu ciyawar da za a ɓuya a ciki. Ginin da ya hana na dare bai ce wa na rana komai ba, muddin kana sakin kaji da safe.

Ma'aunin rami mai sauƙi ne: duk inda babban yatsan hannunka ya shige, ɓera zai kutsa, kuma inda ɓera ya bi maciji zai bi. A jihar nan maganar maciji ba ta wasa ba ce. Gamsheƙa da kumurci suna haɗiye ƙwai da 'yan tsaki. Kububuwa ba ƙwai take nema ba, ɓeraye da kwaɗi take bi, amma in ta laɓe a makwancin kaji hannun mai ɗaukar ƙwai ne a cikin haɗari. Wanda ya san dalilin da ya sa aka yi asibitin masu saran maciji a Kaltungo, inda ake kawo mutane har daga jihohin maƙwabta, ba zai so ɗakin da ake zura hannu ba a ganin ciki ba.

Sai zafi. A watannin Maris da Afrilu zafin Gombe kan kai 40 a ma'auni, kaza kuwa ba ta gumi, haki kawai take yi. Ɗakin da aka toshe ko'ina don tsoron muzuru yana iya kashe kajin da muzurun bai samu ba. Bayan wannan akwai sauƙin shara da maganin ƙwari, da kuɗin yi, da ƙarko. Kuɗin zan riƙa faɗarsa da kayan da za a saya, tunda farashin siminti da kwano ba ya kwana inda ya yini.

Akurkin laka

Shi muka gada, kuma shi ya fi araha: jar ƙasa, ciyawa, ruwa, da hannun wanda ya iya. A ƙauye kusan kyauta ne. A cikin gari, inda wasu unguwannin ƙasarsu rairayi ce, sai an sayo lakar, duk da haka bai kama ƙafar sauran a tsada ba. Ga sanyi da rana, ga ɗumi da hunturu. Babu ginin da ya kai shi a wannan.

Rauninsa uku ne. Ƙofa ita ce ta farko, domin yawanci faifan kwano ne ko katako da aka tokare da dutse, muzuru kuwa yana da haƙurin turawa har sai ya samu kafa. Na biyu ƙasansa: gafiya na haƙowa daga waje ta ɓullo ciki. Na uku shi ne wanda mutane ba su cika lura da shi ba. Laka tana tsagewa, kuma a cikin tsagar nan kaskar kaji da ƙuma ke wuni, da dare su fito su sha jini su koma. Sai ka ga kaji suna ramewa, sun daina ƙwai, wasu ma sun ƙi shiga da magariba, ka duba jikinsu da rana ba ka ga komai ba. Share shi ma wahala ne, tunda ƙofar iya girman kaza aka yi ta.

Goggona a ƙauye ba ta taɓa sa hannu a akurki ba sai ta fara zura kara ta bubbuga. Na taɓa yi mata dariya, ta ce, "Kai yaro ne. Ranar da kara ya dawo da motsi za ka gane." Nata akurkin a kan duwatsu aka ɗora shi kamar rumbu, kuma rufinsa na ciyawa ana ɗagewa gaba ɗaya, rana ta shiga, a kwashe kashi, a barbaɗa toka. Da wannan gyaran, da marfi mai sakata, da 'yan tagogi da aka rufe da raga, akurkin laka yana yin aiki sosai. Sai dai duk shekara kafin damina sai an sake masa yaɓe.

Kejin katako da raga

A nan ne aka fi yaudaruwa, kuma ragar ce matsalar. Iri biyu ake sayarwa. Akwai siririya mai ido kusurwa shida, wadda ake ce wa wayar kaji, akwai kuma mai kauri da aka yi wa walda, idonta murabba'i. Da na kai aikin kejina na farko, kafinta ya ce mini, "Malam, ai wannan siririyar kowa ke sawa, sunanta ma wayar kaji." Sunanta ke nan kuwa, domin kaji take hana fita. Ba ta hana kare ya yaga, tsatsa na cinye ta da wuri, kuma idonta ya isa ɓera da ƙaramin maciji su wuce. Muzuru ma ba sai ya shiga ba: yana zura hannu ya jawo kan kazar da ta kwanta jikin raga. Mai kauri mai ido rabin inci ita ce ta tsaro. Ta fi tsada nesa ba kusa ba, amma araha ba ta ado.

Kejin da aka ɗora a kan ƙafafu, tsayinsu ya kai gwiwa ko cinya, ya raba kaji da gafiya da ruwan damina, kashi kuma yana zuba ƙasa a share. Iska na ratsa shi, wanda alheri ne da bazara, amma da hunturu sai an rufe ɓangaren gabas da arewa da buhu. Babban maƙiyinsa gara. A shafe katakon da baƙin mai, a tsoma ƙafafun cikin gwangwanaye, in ba haka ba damina biyu ta ishe shi. Kuɗinsa matsakaici ne, kuma mutum biyu sun ishe shi ɗauka, abin da ya sa ya dace da gidan haya. Sauƙin ɗaukan nan kuma ɓarawo ma ya san da shi.

Kejin ƙarfe

Tsarinsa ɗaya da na katako, sai dai mai walda ne ke yi. Gara ba ta cinsa, ƙwari ba su da tsagar ɓuya sosai, ana wanke shi tas, kuma kwaɗo yana zama a jikinsa da kyau. Yakan yi shekaru in ana masa fenti, don kashin kaji na sa ƙasansa tsatsa. Ya fi na katako tsada, kuma in aka bar shi a rana da rufin kwano tanda ne. Sai a inuwa, ko a shimfiɗa masa zana a sama.

Ɗakin bulo

Ga wanda gidan nasa ne kuma kajin sun haura 15, wannan ne ginin da za a yi sau ɗaya a huta. A ɗauki ɗaki mai mita 2 a faɗi, mita 3 a tsawo. Ya ishi kajin Hausa kamar 20 kwana, in suna fita da rana. Ba sai an kai bulon har sama ba: a gina tsayin mita 1, sauran a cike da raga mai kauri. Mita guda ta bango tana cin bulo kamar 10, ke nan zagayen zai ci 100, in kuma an jingina dogon gefen da katangar gida 70 sun isa. Kwanon rufi kusan rabin bandir. Sai siminti na gini da na daɓe, da katakon rufi, da ƙofa, da kuɗin magini. Shi ya fi kowanne tsada, babu tantama.

Daɓen siminti shi ne ribar ginin, don shi ke yanke wa gafiya hanya, kuma a kansa ake zuba ɓuntun shinkafa a riƙa kwashewa ana kai wa gona. Wurin da ake mantawa shi ne saman bango, inda kwano ya zauna a kan katako: lanƙwasar kwanon tana barin ramuka a jere, ta nan ɓera da maciji ke shiga ɗakin da aka kashe wa kuɗi. A cike su da siminti ko raga. A sa sandunan kwana, kowace kaza ta samu kamar taƙi guda, da akwatin ƙwai ɗaya ga kaji 4 ko 5, a wurin da haske ke kaiwa. Kana shiga a tsaye, kana ganin kowane lungu, kana kama wadda kake so ranar rigakafi.

Wasu kan raba ɗakin biyu da raga su ce gefe ɗaya na baƙi ne. Rabin ɗaki yana da amfani wajen sabo, amma ba keɓewa ba ne. Iska ɗaya suke shaƙa, ƙura ɗaya ke tashi.

Kwando da bishiya

Kwandon kifewa ba makwanci ba ne, kayan aikin rana ne, kuma shi ne amsar shaho da shirwa mafi araha. Kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, to a kife ta da 'ya'yanta a inuwa makonnin farko, a ɗora dutse, a sa ruwa da tsaki. Da dare a kai su ciki, don kwando ba ya tare muzuru. Masu shafa wa 'yan tsaki launi don su rikita shaho ban hana su ba, amma ban yarda in dogara da shi ba. Barin kaji su kwana a kan dogonyaro kuwa kyauta ne, sai dai muzuru na hawa, mujiya na sauka, kuma kazar da ba ka iya kamawa ba ka iya yi mata rigakafi.

| | Kuɗi | Ƙarko | Tsaron dare | Zafi | Shara | Amfani ga baƙi |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Akurkin laka | kaɗan | sai da yaɓe duk shekara | matsakaici | mai sanyi | da wuya | kaɗan |
| Kejin katako | matsakaici | gara ke yanke masa kwana | mai kyau in ragar mai kauri ce | iska na shiga | da sauƙi | sosai |
| Kejin ƙarfe | sama da matsakaici | shekaru | mai kyau | sai a inuwa | da sauƙi | sosai |
| Ɗakin bulo | mai yawa | ya fi duka | ya fi duka | ya danganta da raga | da sauƙi | sabo kawai |
| Kwando | kaɗan ƙwarai | gajere | babu | a inuwa | a matsar da shi | na rana kawai |

Shigo da sababbi

Kafin maganar faɗa, akwai maganar cuta. Annobar da ta share mini kaji ita ce wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasil, kuma da hunturu ta fi ƙamari, daidai lokacin da kasuwanni ke cika da kaji saboda Kirsimeti da sabuwar shekara. Daga kamuwa zuwa bayyana takan ɗauki kwana 2 zuwa 15. Ma'ana kazar da ka ɗaga a kasuwa ka ga idonta garau, ƙirjinta cike, tana iya zama ta riga ta ɗauka a cikin kwandon da aka cusa ta da na garuruwa biyar. Wani mai kajin ma da ya ga sun fara mutuwa ne yake garzayawa kasuwa da sauran.

Don haka duk baƙuwa, ko kyauta ce daga gidan surukai, a ware ta mako 2 a ƙalla, 3 ko 4 ya fi. A ajiye ta can ƙarshen gida, da kaskon ruwanta daban. A fara ba na gida abinci, sannan a je wurinta, a wanke hannu. Abin dubawa: koren zawo, gyangyaɗi, saukar da fikafikai, numfashi da baki a buɗe, kumburin ido, murɗewar wuya. A buɗe ƙarƙashin fiffike a nemi ƙwarƙwata. In kaji suka fara zubewa da yawa farat ɗaya, a sanar da ofishin likitan dabbobi, domin murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatarwa a Najeriya a jihar Kaduna a 2006, takan dawo lokaci zuwa lokaci. Rigakafin Niyukasil kuwa akwai shi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Filato tana yin sa, har da irin wanda ke jure zafi, ana ɗiga shi a ido, ana maimaitawa duk wata 3 zuwa 4. A yi shi kafin iskar hunturu ta taso, kuma masu lafiya ake yi wa, ba ya warkar da wadda ta kwanta.

A nan ne ƙaramin keji ke biyan kuɗinsa. Akurki ba ya matsawa, ɗakin bulo ba ya matsawa, keji kuwa yau yana bayan gida, gobe yana tsakar gida.

Bayan keɓewa sai haɗawa. Kaji suna da manya da ƙanana a tsakaninsu, kowace ta san wadda take sara da wadda ke sararta, baƙuwa kuwa sai an gwada ta. Hanyoyin da ake bi ba su zama ɗaya ba.

Saki kai tsaye da rana shi ne mafi sauƙi kuma mafi muni. Za su taru a kanta, ta gudu ta ƙi cin abinci, wani lokaci ta haura katanga ta tafi ke nan, tunda ba ta san nan ne gida ba. Wadda aka kora gefe ita kaɗai kuma ita shaho da kare ke fara samu.

Sakawa da dare, bayan sun yi barci, ya fi wannan. Ba sa gani balle su yi faɗa, kuma baƙuwar ta koyi makwanci. Amma gari na wayewa za su gane ta, kuma a akurkin laka mai ƙunci ba ta da wurin gudu. In za ka yi haka, ka buɗe musu da ka dawo daga sallar asuba, kada ka bari rana ta fito.

Gani ta raga shi na fi yarda da shi. A kawo kejin baƙi tsakar gida, a riƙa watsa hatsi a kewayensa, suna ci suna kallon juna har mako guda. Ranar da za a buɗe, a buɗe da la'asar, saura kaɗan su shiga kwana. A sa wurin ci biyu da na sha biyu nesa da juna, don babbar kaza ba ta iya tsare biyu. A jingina tsohuwar tabarma ko zana a bango, wurin ɓuya. Sara nan da can na kwanaki ba komai ba ne. In jini ya fito a cire ta nan take, don kaji in suka ga ja ba sa dainawa. Baƙi biyu ko uku tare sun fi guda ɗaya shan sauƙi, kuma kada a haɗa ƙanana da manya sai girmansu ya kusa. Masu sayen kajin zamanin nan da ake kira noila 'yan kwana ɗaya su lura: suna girma da sauri har su fi kajin Hausa jiki, amma ba su da wayon gudun shaho irin na waɗanda uwa ta raina. Zakaru biyu manya a ƙaramin gida kuwa, babu dabarar da na sani in ban da tukunya.

Akwai hanya ta huɗu da tsofaffi suka fi so: kada a sayo kaza, a sayo ƙwai. A sa 8 zuwa 10 a ƙarƙashin kaza mai kwanci, kwana 21 ta ƙyanƙyashe, na zabi kuma 26 zuwa 28. Uwar ce za ta shigar da su cikin 'yan uwa, kuma babu mai taɓa su tana tsaye. Ta fi araha, kuma ta fi kazar kasuwa aminci, ko da yake akwai cututtukan da ke bin ƙwai, don haka a karɓa daga gidan da ka san kajinsu. Aibinta jira ne, watanni kafin ka ga ƙwai ko nama.

Wa ya dace da wanne

In kana ƙauye, kajinka ba su wuce 10 ba, kuma daga cikinsu kake samun ƙari, akurkin laka a kan duwatsu mai rufin ɗagewa da sakata ya ishe ka, sai kwando biyu don masu 'ya'ya. Sabon jini ka shigo da shi ta ƙwai.

In gidan haya kake a cikin garin Gombe, kamar Pantami ko Jekadafari, kada ka gina abin da za ka bar wa mai gida. Keji na katako da raga mai kauri, in da hali na ƙarfe, sannan wani ɗan ƙarami na kaji biyu ko uku don baƙi da marasa lafiya. In kuɗin bai isa duka ba, a rage girman babban, kada a rage kaurin ragar.

In gidanka ne, kana bakin gari ko kusa da kwari inda gafiya da maciji suka yi yawa, ko kuwa da yara masu zuwa ɗaukar ƙwai, ɗakin bulo mai daɓe ne naka.

In kuma sana'arka ce sayen kaji ka kiwata don Sallah ko Kirsimeti, kullum baƙi na shigowa, to kejin ƙarfe biyu da za a iya wankewa a kuma nisanta su da juna sun fi maka babban ɗaki guda, kuma kajin gida na uwargida kada su kusanci ko ɗaya daga ciki.